Alkawarin da Na Yi wa Mutum Uku a Rijiyar Aduwa

Har yau ranar Larabar nan ba ta bar ni ba, ranar da kawuna Ɗanjimma ya yini a cikin Rijiyar Aduwa ni kuwa ina tsaye a bakinta da takarda a aljihu. Ku da kuka zo aiki bayanmu kun sha tambayata abin da ya sa ban taɓa karɓar amincewar mutum ba sai a gaban abokin gardamarsa. Na daɗe ina ce muku sai wata rana. Yanzu ƙarfi ya ragu, gara in rubuta.

Shekara ta uku ce da Turawa suka miƙa mulki, cikin tsakiyar bazara. Ina komi a sashen kula da rijiyoyi a Dakoro. Komi shi ne ƙaramin ma'aikacin biro, wato ofis, mai rubutu. Na yi lakkol shekara shida na samu sartifika, iyakar karatuna ke nan. Sama da ni akwai shef na sashe. Ƙasa da ni akwai maginan rijiya da masu riƙon igiya, amma wannan a takarda ne kawai, don babban maginin namu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya kai ni lakkol. Tun ranar da aka ɗauke ni aiki bai sake kiran sunana ba. Komi yake ce mini, yana murmushi.

Rijiyar Aduwa tana arewa da Dakoro, wajen Azagor, tafiyar rabin yini a kamyo, wato babbar mota, idan rairayi bai riƙe ƙafa ba. Zurfinta gaba talatin da ɗoriya. A bakinta akwai gwafa uku, wato itace mai baki biyu da ake ɗora igiya a kai, sa ko raƙumi ya ja wasaki, babban gugan fata. Gwafa ɗaya ta Fulanin Ardo Juli ce, masu shanu. Ɗaya ta Abzinawan Agali, masu raƙuma da awaki. Ta ukun ta mutanen Maigari Nomau, manoman gero da suka hauro daga kudu suka kafa ƙauye kusa. Cikin ukun nan babu mai iko da wani, kowa da inda yake kai gaisuwa. Al'adar wurin kuma, wanda ya ɗage igiyarsa da rani ya tafi wata rijiya, ya bar wa wani gwafarsa ke nan. Saboda haka babu mai tafiya.

Simintin jikin rijiyar ya tsage a wajen gaba ashirin, rairayi na zubowa ta wurin. Ranar Lahadi Kawu ya sauka ya duba. Da ya fito ya ce in ba a toshe ba kafin ruwan farko, rijiyar za ta haɗiye kanta. Aikin yana son a daina ja tun daga azahar ɗin Talata har safiyar Alhamis. Dalili biyu ne. Wasaki in yana hawa yana dukan bango, zai ɓare sabon siminti. Kuma wasaki cike in igiya ta tsinke ya faɗo wa mutum, an gama.

Ga inda wuyar take, kuma ina so ku lura, don za ku same ta a kowace rijiya. Kowane cikinsu ya san in ba a gyara ba duk sun rasa. Amma kowa yana lissafin nasa. In na haƙura sauran ba su haƙura ba, dabbobina sun mutu a banza. In sauran sun haƙura ni na saci ja, na ci riba. Ga kuma safiyar Alhamis. Rijiyar ba ta da ruwan da zai ƙosar da garke uku masu ƙishin kwana biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya fara zai sha ruwa, na ƙarshe zai tarar da laka.

Kafin mu bar Dakoro shef ya ce mini, «Ka samo amincewarsu a rubuce. Juma'a ana jiran kamyo a Kornaka, wata rijiyar ce ta lalace.» Bai ce in yi gaggawa ba. Ni na sa wa kaina, don wannan ce fitata ta farko da aka ba ni shugabanci.

Ranar Litinin na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ga kamar in na tara su wuri guda, gardama za ta ci mana kwana uku.

Na fara da Ardo Juli. Ya saurare ni yana jingine da sandarsa, sannan ya ce, «Komi, saniya ba ta san takarda ba. Kwana biyu za ta daure, na uku ta kwanta. In na haƙura, wa zai fara ja ranar Alhamis?»

Na ce, «Kai, Ardo.»

«Agali ya ji wannan?»

«Ya ji.»

Ya dangwala yatsa a takarda.

Agali ya zaunar da ni a inuwar tantinsa, sai da na sha shayi kofi uku kafin ya bar ni in yi magana. Ya ce raƙumi na iya jira, akuya mai shayarwa ba ta iyawa, kuma kakansa ne ya haƙa ramin farko a wurin tun ba a san siminti ba. Na ce ai shi ya sa shi zai fara. Ya dube ni ta saman rawaninsa, ya dangwala.

Maigari Nomau bai ja magana ba. Ya ce, «Su dabbobi suke shayarwa, mu ɗiyan mutane.» Na ce haka ne, Maigari, ku ne farko. Shi ma ya dangwala.

Abin da na raya a raina shi ne, kafin Alhamis aiki ya ƙare, kayanmu na cikin kamyo, su yi 'yar hayaniyarsu su shirya kamar yadda suka saba. A lokacin dabara na ɗauke ta.

Na tarar da Kawu a gindin aduwa yana duba igiya taƙi-taƙi. Na nuna masa takarda da yatsu uku.

Ya ce, «Ƙarƙashin itace ɗaya suka zauna?»

«Duk sun sa hannu, Kawu.»

«Ba hannu na tambaye ka ba. Kunne na tambaya. Sun ji juna?»

Na ce, «Sun ji juna.»

Ya dube ni ɗan lokaci. Ya ce, «To.» Ya koma kan igiyarsa.

Talata da safe kowa ya ja iyakar ƙarfinsa, aka shayar, mata suka cika randuna da salkuna. Da azahar aka ɗage wasakai, garkuna suka ja da baya. Kawu ya sauka, ya fasa ruɓaɓɓen siminti, ya kafa ƙarafa. Babu abin da ya faru. Na ji daɗin kaina.

Yadda ake saukar da magini shi ne, yana zaune a kan katako da aka ɗaure da igiya mai kauri. Igiyar tana bi ta kan gungume a bakin rijiya, a naɗe ta sau biyu a jikin turke, sannan mutum huɗu su riƙe wutsiyarta. Ba a ɗaure ta, don magini yakan ce a sassauta ko a ɗaga. Naɗin yana ɗauke yawancin nauyin, amma in hannu ya saki, igiya za ta zame. Shugaban masu riƙon Idi ne, mutum mai shekara arba'in da bai cika magana ba. Da wata siririyar igiya ake aika wa magini siminti a bokiti.

Laraba da hantsi Kawu ya sake sauka don zuba siminti. Wannan ne aikin da ba a katsewa. In ka bar shi rabi, rairayin da ke baya zai turo shi, ramin ya fi na da.

A safiyar nan matan Fulani suka kai nono ƙauye. Wata matar gidan Maigari ta ce musu su yi haƙuri, gobe in mutanen gari sun gama sai shanu su sha. Suka ce a'a, shanu ne farko, Komi ya faɗa. Kafin azahar maganar ta kai tantin Agali.

Babu wanda ya zo ya tambaye ni. Kowa ya yi lissafi iri ɗaya a zaune a wurinsa: alkawarin banza ne, saboda haka wanda igiyarsa ta riga hawa gwafa, dabbarsa na tsaye, shi ne farko. Babu mai niyyar jefa wasaki a kan mutum. Kowa wurin tsayawa yake so ya kama kafin ɗan'uwansa. Samarin Fulani suka taso da shanun ja biyu kawai. Amma garken da bai sha ba tun jiya ya ga an nufi rijiya, ya biyo. Abzinawa suka hango, suka taso da raƙuma. Mutanen gari suka hango su duka, suka fito da jakuna.

Ina zaune ina rubuta rapor, wato rahoton aiki, sai na ji ƙasa na motsi a ƙarƙashina. Na ɗaga kai, ƙahoni ne daga yamma har iyakar gani.

Gardin gwamnati da aka haɗa mu da shi ya sauke bindiga daga kafaɗa. Ya ce zai harba sama.

Idi bai juyo ba, hannunsa na kan igiya. Ya ce, «In ka harba, ta kanmu za su bi, mu da rijiyar.»

Gardi ya dube ni. Ni ne shugaba. Na ce ya mayar da ita.

Samari suna dukan shanu a fuska suna mayar da su, na baya suna turowa. Wani bijimi ya kutso ya goga kafaɗa da gwafar Fulani. A gindin gwafar akwai wani guntun siminti da aka tokare ta da shi, girmansa kamar kan mutum. Na ga ya mirgina. Na ga ya wuce baki. Sai muka ji ƙara biyu, ta farko marar amo, ta biyu ta ruwa.

Na kwanta rub da ciki na leƙa. Ƙasa duhu ne, sai ɗan hasken fitilarsa.

«Kawu.»

Shiru.

«Kawu.»

Sai muryarsa ta hauro a hankali. «Ina nan. Wane marar kunya ne ke jifan kakansa?»

«Ya same ka?»

«Ya gaishe ni ya wuce.»

«Za mu jawo ka.»

«Kada wanda ya taɓa igiyar nan. Siminti rabi yake. Kuma in na fito, me zai hana wasaki sauka? Ni ne murfin rijiyar nan yanzu. Me ke faruwa a sama?»

Na faɗa masa duk sun zo.

«Su ukun suna nan?»

«Suna nan.»

«Kirawo mini su bakin nan.»

Na ratsa cikin dabbobi na kira su. Ardo ya zo bai dube ni ba. Agali ya zo da takobinsa a rataye. Maigari ya zo yana haki. Kowa ya tsaya kusa da gwafarsa, mutanensa na bayansa da igiyoyi a kafaɗa.

Kawu asalinsa Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninsu da Fulani. Ya ɗaga murya ya ce, «Juli, bawana, kai ne ka kawo mini shanu gaisuwa? Ai da ka bari na fito na zaɓi tawa.»

Ardo ya sunkuya ya ce, «Babarbare, fito daga ramin nan. Ba da kai muke ba.»

«Da wa kuke?»

«Da ɗan 'yar'uwarka.»

«To ni ma da shi nake. Amma ina tsakiyar aiki. Idi.»

«Na'am, Baba.»

«Mutanenka sun gaji. Ba wa manyan nan uku igiyata su riƙe.»

Idi ya dube ni, na dube shi. Bai motsa ba.

«Idi, na ce ka ba su. Wanda yake gaggawar ɗaura wasakinsa sai ya saki ya tafi, kowa na gani.»

Babu yadda babban mutum zai ƙi wannan a gaban jama'arsa. Maigari ya fara kamawa. Ardo ya miƙa wa wani sandarsa ya kama. Agali ya tsaya kaɗan, sannan ya gyara takobinsa zuwa baya ya kama. Mutanen Idi suka saki ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya saki, igiyar ta zame kamar taƙi ɗaya a jikin turke, su ukun suka dafe ƙafa tare, suka tsayar da ita. Na ga fuskokinsu sun sake. Sun ji nauyin mutum a hannunsu.

Abin da ban zata ba, samarin da ke baya da suka ga shugabanninsu riƙe da igiya, sai suka juya wa rijiya baya suka fuskanci dabbobi. Bafulatani da Ba'abzine da ɗan gari suka jeru kafaɗa da kafaɗa da sanduna. Ba wanda ya ce su yi. Garken bai koma ba, amma ya daina matsowa.

Kawu ya ce a aiko siminti. Aka aika. Sannan ya ce, «Komi, faɗa musu abin da ka faɗa wa kowa ranar Litinin. Da ƙarfi, ni ma in ji.»

Na faɗa. Na ce na yi wa Ardo alkawarin farawa, na yi wa Agali, na yi wa Maigari, kuma na ce wa kowa sauran sun ji alhali ba su ji ba. Na ce babu wanda ya yaudari wani a cikinsu, ni ne. Ban san yadda kalmomin suka fita ba.

Agali ya ce, «Ashe 'yancin kan da ake faɗa ke nan. Kowa na farko.»

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

Kawu ya ce, «Yaron ya ɓata, ni zan hukunta shi, nawa ne. Yanzu ku. In na tambayi kowa wa zai fara, kowa zai ce shi. Ba wannan zan tambaya ba. Ban da kanka, wa ya kamata ya fara? Nomau.»

Maigari ya daɗe yana kallon shanun. Wasu har sun fara lasar ƙasar da ke kusa da kwamin sha. Ya ce, «Muna da ruwa a randa har gobe da yamma. Shanu.»

«Agali.»

Agali ya kau da kai wajen awakinsa. Igiya na ƙara a jikin turke. Gumi na ɗiga daga haɓar Maigari.

A daidai nan Idi ya jawo bokitin da aka aika. Ya taɓa gwiwar hannuna ya nuna mini mariƙinsa. Jini ne a jiki, har ya gangara gefe. Na buɗe baki. Idi ya damƙe mini hannu da ƙarfin da sai da shatin yatsunsa ya kwana uku. Ya girgiza kai kaɗan. Ya goge mariƙin da rairayi, ya cika bokitin, ya sake aikawa. Na gane abin da yake nufi. In na yi magana, mutum ashirin za su faɗo wa igiyar don su jawo shi, layin da ke tare shanu ya watse.

Agali ya ce, «Shanu. Amma saniya ba ta da gindi. Za su sha har laka, awakina su lashi bango.»

Ardo ya ce, «Ban da kaina, mutanen gari zan ce. Ba zan ɓoye ba.»

«Ka ji ko? Ni ne ƙarshe ke nan, ni da kakana ya haƙa ta.»

Hannun Agali ɗaya ya saki igiya. Ya ɗaga shi yana magana, amma igiyar ta sake zamewa kaɗan, Ardo ya yi nishi ya ja da baya. Agali ya mayar da hannun da sauri. Daga ƙasa ba a ce komai ba.

Maigari ya ce, «To na ƙarshe shi ya tsaya bakin rijiya. In ya ce wa na farko ya isa, ya isa. Haka na biyu.»

Ardo ya ce, «Wanga? Wasaki uku zan ja ya ce ya isa.»

Na leƙa. Hasken fitilar yana nan, ina jin ƙarar cokalin gini, sannu-sannu, da dogon hutu tsakanin bugu da bugu.

Agali ne ya ce, «Jibi sai mu juya. Ni farko, kai ƙarshe, kai ke cewa ya isa. In na matse ka gobe, ka matse ni jibi.»

Ardo ya yi tunani. Ya ce, «Maigari kullum yana tsakiya ke nan.»

Maigari ya ce, «Na tsakiya bai taɓa shan laka ba. Na yarda.»

Ardo ya ce, «Saura daren yau. Wa ya san wanda zai tashi ya ja kowa na barci?»

Muryar Kawu ta hauro, ta ragu ƙwarai. «Bawana, ashe kana da kai. Ba a ja sai da igiya. Igiyoyinka su kwana wurin Agali, na Agali wurin Nomau, na Nomau wurinka.»

Suka yarda. Na zaro takarda zan rubuta. Kawu kamar yana ganina, ya ce, «Komi, bar takardar. Kowa ya faɗa wa mutanensa da bakinsa, sauran na ji.»

Hannuwansu na kan igiya suka faɗa. Ardo ya faɗa da Fillanci, Agali da harshensu, Maigari da Hausa, kuma a kowane ɓangare akwai masu jin harshen ɗayan, suka gyaɗa kai. Aka yi musayar igiyoyi a gaban kowa. Sannan aka fara kora dabbobi baya, abin da ya ɗauki lokaci mai tsawo, don saniyar da ta ji ƙanshin ruwa ba ta juyawa da daɗi. Duk wannan lokacin su ukun ba su saki ba. Idi ya ce zai karɓe su, Ardo ya ce a'a.

La'asar ta yi sanyi sannan Kawu ya ce, «Na gama. Ku ɗaga a hankali.»

Da ya bayyana a baki, sai muka ga abin da ya faru. Guntun simintin ya same shi tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Hannun yana lilo. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure ƙirjinsa da shi a jikin igiya don kada ya faɗo in ya suma. Da hannu ɗaya ya ƙarasa aikin. Rigarsa ta riƙe da jini da siminti.

Ardo ya durƙusa kusa da shi ya ce, «Babarbare, ka ce ya wuce.»

«Ai ya wuce. Ka gan shi a nan?»

Muka shimfiɗa shi a bayan kamyo. Na sa ƙafa zan hau, ya ce, «Ina za ka?»

«Dakoro, Kawu.»

«Idi zai kai ni. Kai ka ƙulla, kai za ka tsaya ka ga yadda za ta kwance. Ka zo ka faɗa mini.»

Na sauka. Ban taɓa yin biyayyar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Alhamis da safe aka mayar wa kowa igiyarsa. Fulani suka fara ja. Agali ya tsaya a bakin rijiya yana leƙawa, awakinsa na kuka a nesa. Ya bar su suka ja fiye da yadda na zata. Rana ta ɗaga sannan ya ɗaga hannu ya ce, «Ya isa.» A lokacin wasaki ɗaya yana tsakiyar hanya, kuma akwai shanun da ba su ƙoshi ba. Samarin suka dubi Ardo. Ardo ya ce a ƙarasa jawo shi, a juye a kwamin mutanen gari. Aka juye. Ya ɗage igiyarsa.

Da azahar awakin Agali suka sha, ruwa ne ba laka ba. Shi ya ba ni raƙumi da mai rakiya. Na isa Dakoro ranar Juma'a.

Na same shi a ɗakin likita, an naɗe shi da farin ƙyalle, numfashinsa gajere. Likita ya ce mini a waje ƙashin da ya karye ya taɓa ciki, kuma ba zai jure hanyar Maradi ba. Na zauna a ƙasa kusa da gadon.

Ya buɗe ido ya ce, «Juli ya tsaya?»

«Ya tsaya, Kawu. Har wasakin da ke hanya ya ba mutanen gari.»

«Bawan nawa.» Ya ɗan yi murmushi.

Na ce, «Kawu, ka san ƙarya na yi maka ranar Litinin.»

«Na sani. Mutum uku ba sa yarda da abu ɗaya kafin azahar.»

«Me ya sa ka sauka?»

«Na ɗauka za ta kai mu Alhamis. Ni ma na yi lissafi, Isuhu.»

Sunana ne. Rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Ya rasu ranar Asabar da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na rubuta rapor, ban rage komai ba. Shef ya karanta a gabana, ya ce, «Ka san wannan takarda za ta bi ka?» Na ce na sani. Ta bi ni, na daɗe ban samu ƙarin girma ba, kuma daidai ne. Mahaifiyata ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba. Ni na faɗa mata bayan sadakar arba'in. Ta ce in tashi in ci abinci.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mutanen da ke shan rijiya ɗaya ba mugaye ba ne, kuma ba wawaye ba ne. Kowa na iya haƙuri in ya tabbata ɗan'uwansa zai haƙura, kuma ya tabbata ɗan'uwan ya san ya sani. Amincewar da ka karɓa a tanti, wani bai ji ba, ba ka karɓi komai ba. Kada ka tambayi mutum rabonsa, tambaye shi na waninsa, zai faɗa maka gaskiya. Wanda zai sha ƙarshe shi ake ba bakin cewa ya isa, kuma a tabbata gobe za a juya. Aikinmu rabinsa siminti ne. Sauran rabin shi ne a zaunar da mutane ƙarƙashin itace ɗaya, ko da zai ci kwana uku. Ni kwana ukun nan na so in tsallake.

Na koma Rijiyar Aduwa sau da yawa kafin in ajiye aiki. Ardo da Agali da Maigari duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu ne a gwafofin, kuma har zuwana na ƙarshe, mai shan ƙarshe ne ke tsayawa a baki. Na tambayi wani saurayi daga ina suka samo wannan tsari. Ya ce haka suka taras. Ban ce masa komai ba.

Sau ɗaya na sa aka saukar da ni, ni da ban taɓa shiga rijiya ba. A gaba ashirin toshin yana nan, bai tsage ba. Gefen dama sumul yake, irin aikinsa. Gefen hagu kuwa akwai gurbin yatsu, inda cokali ya gagare shi ya shafe da tafin hannu. In aiki ya kai ɗayanku can, siminti mai kyau ne, ba ya bukatar gyara. Ku bar shi yadda yake.